Tambaya da Amsa: Kwas na kwana biyar ya isa in fara duba lafiyar ƙwaƙwalwar jarirai?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ma'aikaciyar jinya ce a ɓangaren yara, kuma na halarci kwas na kwana biyar kan lafiyar ƙwaƙwalwar ƙananan yara. Iyaye na kawo min jarirai masu yawan kuka da ƙin barci. Zan iya fara kula da su, ko da sauran horo?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Kwas ɗin zai sa ki gane yaron da ya kamata a tura gaba, amma da sauran aiki kafin ki riƙe jinyarsa da kanki. Jariri ba ya faɗin abin da ke damunsa, shi ya sa abin da ake dubawa a wannan fanni shi ne zamansa da mai renonsa.

Tushen horon shi ne koyon kallo. Esther Bick ta fara wannan tsari a asibitin Tavistock da ke Landan a 1948. Ɗaliba za ta riƙa ziyartar gida ɗaya, awa guda kowane mako, tun daga haihuwar jariri har ya shekara 2. Ba ta rubutu a gabansu, ba ta ba da shawara. Sai ta fita ta rubuta duk abin da ta gani, ta kai zaman tattaunawa da malaminta. A nan ma'aikatan asibiti suka fi shan wahala, domin sun saba gyara. Da zarar kin ce wa uwa "ba haka ake riƙe shi ba", za ta koma yin abin da zai burge ki, ainihin zamansu kuwa ya ɓace miki.

Sai tantancewa. Kundin DC:0-5 na tantance matsalolin ƙwaƙwalwar yara daga haihuwa zuwa shekara 5, wanda ƙungiyar Zero to Three ta fitar a 2016, ya raba aikin gida biyar: matsalar da ta bayyana, dangantaka da masu reno, lafiyar jiki, matsin rayuwar iyali, da matakin girman yaro. Ana son zama 3 zuwa 5 kafin a yanke hukunci. Kuskuren da ya fi yawa shi ne saurin laƙaba wa yaro cuta. Wanda ba ya waiwayowa in an kira shi, a fara gwada jinsa. Mai kukan dare, a duba kunnensa da cikinsa tukuna.

Kada ki manta da uwar. Ki koyi amfani da ma'aunin Edinburgh na damuwar bayan haihuwa, mai tambaya 10. Ta goman kan tunanin cutar da kai ce. Ko jimillar makin ba ta da yawa, in uwa ta amsa da e, ba a barin maganar sai gobe.

Daga nan ki zaɓi hanyar jinya ɗaya ki ƙware a kai. Misali, tsarin CPP (jinyar yaro tare da mai renonsa) na Alicia Lieberman da Patricia Van Horn, na yaran da suka ga tashin hankali kafin shekara 6, horonsa kan ɗauki kusan wata 18, kuma yawanci masu lasisin jinyar ƙwaƙwalwa ake karɓa. Ki bincika sharaɗin kafin ki nema.

Abin da ba mu yarda a tsallake ba shi ne zama a kai a kai da gogaggen mai sa ido, inda za ki faɗi har abin da kika ji a ranki. Kukan jariri kan sa ma'aikaciya ta ji haushin uwar ba tare da ta sani ba, uwa kuwa na ganewa, sai ta daina zuwa. Duk shirin horon da babu wannan zama a cikinsa, ki nemi wani.