Ba na shan giya, akwai abin da zan je yi a Riverland?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne a Adelaide, ƙasar Ostireliya. Abokan karatuna sun shirya zuwa Riverland, wani yanki a jiharmu ta Ostireliya ta Kudu, a wannan hutun, amma duk inda na duba maganar gonakin inabi da giya ake yi, ni kuma ba na sha. Akwai abin da zan je yi ko dai in yi zamana?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ka shirya jakarka ka bi su, wallahi da ka zauna da ka yi asara. Eh gaskiya ne yankin nan shi ya fi ko'ina noman inabin giya a Ostireliya, wajen kashi ɗaya cikin uku na ƙasar daga nan yake fitowa, shi ya sa masu talla ba su da magana sai ita. Amma abin da ya yi Riverland kogin Murray ne, kogi mafi tsawo a ƙasar, kilomita 2,500 da 'yan kai. Wurin fa busasshe ne, ruwan saman shekara wajen milimita 250 ne kawai, in ka yi nisa kaɗan da kogi sai jar ƙasa da gajerun itatuwa. A 1887 wasu 'yan'uwa biyu 'yan Kanada, George da William Chaffey, suka kafa Renmark suka fara janyo ruwan kogi da famfo zuwa gonaki, to daga nan komai ya samo asali. Wanda ya san noman rani na Kadawa da Kura zai gane abin nan take. Kuma ba inabi kaɗai ake nomawa ba, akwai lemo, akwai almon, akwai 'ya'yan itatuwa kala-kala, a bakin titi za ka ga rumfa an jera buhunan lemo ba mai tsaro, ka ɗauka ka jefa kuɗin a akwati ka wuce.

Daga Adelaide ta hanyar Sturt awa biyu ne zuwa Waikerie, kusan uku zuwa Renmark, a tsakani akwai Barmera da Berri, Loxton kuma tana ɗan gefe. Ni dai shawarata in kuna da yawa ku haɗa kuɗi ku yi hayar jirgin ruwa mai ɗakuna, wanda yake kamar gida a kan ruwa, da kicin da banɗaki da gadaje, lasin tuƙin mota ya isa, za su nuna muku yadda ake sarrafa shi kafin ku tashi, tafiyarsa a hankali take kamar ta raƙumi. Da yamma ku ɗaure shi a jikin bishiya a gaɓa ku kwana. Abin da ba na mantawa shi ne bayan sallar asuba, hazo ya kwanta a kan ruwa, kwasa-kwasa suna tafe a jere ba motsin komai, can sai rana ta bugi gangaren nan na jan dutse ya koma kamar garwashi. In jirgin ya fi ƙarfin aljihu ku kama tanti a gandun dajin Murray River, ɓangaren Katarapko kusa da Berri, ku yi hayar ƙaramin kwale-kwale ku shiga rafukan. Sai dai ana yin rajistar wurin kwana ta intanet tun kafin a je.

Dabbobi kam za ka gani har ka gaji, kangaru, emu mai kama da jimina, manyan damo, aku iri-iri, in ka ɗaga kai a wajen Renmark da Paringa kana iya dacewa da kowala, wata 'yar dabba mai zama a bishiya, a kan reshe tana barci. Mai son tsuntsaye sosai sai ya nufi Gluepot, wani gandun tsuntsaye a arewacin Waikerie, amma hanyar ƙasa ce, in an yi ruwa kar ma ka fara. Banrock Station kamfanin giya ne, ka sani, amma fadamar da ke wurin tana cikin jerin Ramsar, wato jerin fadamu masu muhimmanci a duniya, tun 2002.

Yanzu abin da na fi so ka riƙe. Kada ka shiga yankin da ɗanyen 'ya'yan itace ko tumatir ko tattasai daga waje, saboda ƙudan da ke lalata musu amfanin gona. Akwai kwandunan zubarwa a bakin hanya kafin ka shiga, ana tare motoci a bincika, kuma tara ce mai zafi ba a jin ban sani ba. Mu da muka saba tafiya da guzuri nan ne muke faɗawa, ayaba ɗaya a jaka ta isa. Ka sayi naka a can.

Sai kogin. Ba kada a Murray, amma ruwan gurɓatacce ne ba ka ganin ƙasa, akwai kututturai a nutse da igiyar ruwa mai ja ta ƙarƙashi, yana cin mutane, in ba gwani ba ne kai sa rigar hana nutsewa ko ka tafi tafkin Bonney a Barmera. Daga Disamba zuwa Fabrairu zafi kan haura digiri 40, kar ka ce ai kai ɗan Arewa ne, ranar can tana ƙona fata da gaske, hula da man kariya da ruwan sha dole ne, lokacin ne kuma macizai ke yawo a ciyawa. Maris zuwa Mayu ko Satumba zuwa Nuwamba sun fi daɗi. Ku guji tuƙi da magariba da asuba, lokacin kangaru ke faɗowa titi.

Maganar abokanka kuwa, ka faɗa musu tun a Adelaide cewa ba ka sha, mutanen can ba sa matsa wa mutum a kan wannan. Ranar da za su zaga wuraren giya kai ka ɗauki ƙugiya ka je kamun kifi, a jihar ba a buƙatar lasin, sai dai in ka kama kifin da suke kira carp doka ta hana mayar da shi ruwa. Naman halal ka saya a Adelaide ka sa a kula, ya fi sauƙi. In tafiyar ta haɗa da Juma'a akwai masallaci a Renmark, ka tambayi lokacin huɗuba da ka isa.