Amsa Ga Yaron Gareji: Motar Kwasar Ƙasa da Ke Mutuwa Tana Tsaka da Aiki

Ɗana, na ga saƙonka game da ƙaramar motar kwasar ƙasar nan da aka kira ka ka duba a wurin buga bulo a Bukuru, irin wadda mutanenmu suke kira Bobcat ko da kuwa wani kamfani ne ya ƙera ta. Ka ce tana tashi lafiya da safe, ta yi aiki na minti 10 zuwa 15, sai ƙarfinta ya riƙa raguwa, injin ya yi ta shessheƙa har ya mutu, kuma idan aka bar ta ta huta sai ta sake tashi. Ka ce ka canza filtar mai amma ba ta sauya zani ba, sannan ka tambaya ko ka kwance famfon injekta ka kai wa masu saitinsa. Kada ka taɓa wannan famfo tukuna. Bisa alamun da ka bayyana, zuciyata ta fi karkata ga hanyar da mai yake bi kafin ya isa famfon, kuma wanda ya fara da famfon ya bar jaki yana dukan taiki.

Ka riƙe hanyar man a kanka kamar yadda ka riƙe hanyar gidanku. Daga tanki, dizal yana hawowa ta wani siririn tiyo da ke rataye a ciki, wanda galibi yake da 'yar raga a bakinsa. Daga nan ya bi ta famfon hannu, wato robar nan da ake matsawa ko maɓallin da ke kan mazaunin filta, ya shiga filta mai raba ruwa da mai, sannan ƙaramin famfon da ke janyo mai ya miƙa shi ga famfon injekta, shi kuma ya tura shi da ƙarfi zuwa nozul-nozul, masu fesa shi a cikin injin. Abin da ya yi saura yana komawa tanki ta tiyon dawowa. A wasu injinan ƙaramin famfon yana gaban filta, a wasu yana bayanta, saboda haka ka bi tiyon da hannunka ka ga yadda naka yake. Abin da yara da yawa ba su gane ba shi ne, daga tanki zuwa ƙaramin famfon tsotsar man ake yi, ba tura shi ake yi ba. Idan tiyo ya tsage a wannan ɓangare, sau da yawa ba za ka ga ɗigon mai ko ɗaya a ƙasa ba, domin iska ce take shiga ta tsagar. Injin dizal kuwa ba ya jure iska a cikin mansa, ko kaɗan ce sai ta rage masa ƙarfi.

Kafin ka sa hannu, ka sauke bokitin ya zauna a ƙasa. Idan aikin ya tilasta a ɗaga hannuwan motar, to sai ka sa ƙarfen tokare da aka yi domin haka, kada ka yarda da man haidirolik ya riƙe maka su, domin tiyo ɗaya ya fashe ko wani ya taɓa feda, babu wanda zai iya janye ka daga ƙarƙashinsu.

Gwajin farko ba ya buƙatar sifana. Ka bar motar ta yi aiki har ta mutu, nan take ka buɗe murfin tanki ka kasa kunne. Murfin yana da 'yar kafa da iska take shiga ta maye gurbin man da aka sha, kuma ƙurar hunturu da ta siminti a wurin buga bulo ba ta da wuyar toshe ta. Idan ka ji tankin ya ja iska da ƙara lokacin da ka buɗe, ka sassauta murfin ka sake tayar da motar. Idan ta wuce rabin awa ba ta mutu ba, ka gama aikinka da kuɗin murfi ɗaya. A lokacin kuma ka dubi robar famfon hannu. Idan ka same ta a lotse kamar an tsotse ta, akwai abin da ya toshe tsakaninta da tanki. Idan kuwa kana ta matsa ta amma ta ƙi yin tauri, iska take ja maimakon mai.

A nan ne nake so ka daɗe, domin a cikin tanki nake zargin matsalar take. Ka yi tunanin abin da ke faruwa: injin yana aiki, tsotson famfo yana tara datti a bakin ragar nan sannu a hankali har ta toshe, injin ya mutu, tsotson ya saki, dattin ya faɗa ƙasan tanki, bayan ɗan lokaci mota ta sake tashi kamar babu abin da ya faru. Wannan ya yi daidai da labarinka ɗaya bayan ɗaya. Akwai kuma lokacin da tiyon cikin tankin yake tsufa ya tsage daga sama, ko ya ɓalle gaba ɗaya ya faɗa ciki, sai motar ta yi aiki lafiya idan tanki ya cika, ta riƙa mutuwa da zarar mai ya sauka ƙasa da wurin tsagar. Saboda haka ka tambayi direban cikin ladabi, nawa man yake a duk lokacin da ta mutu, kuma ko ta fi mutuwa idan tana hawan tudun yashi. Direba yakan san abin da ba ya faɗa sai an tambaye shi.

Hanyar da za ta raba maka gardama ita ce gwajin jarka. Ka sami jarka mai tsabta ka zuba dizal ɗin da ka tabbatar da kyansa, ka cire tiyon da ya fito daga tanki, ka sa wani sabo daga jarkar zuwa bakin shigar filta. Ka mayar da tiyon dawowa cikin jarkar ita ma, in ba haka ba man zai tsiyaye zuwa tanki ka ga jarka ta ƙare da wuri ka ruɗe. Ka ɗaure jarkar sosai nesa da salansa da fanka, ka fitar da iska, ka sa direba ya kwashi ƙasa da ita na tsawon rabin awa. Idan ta yi aiki ba tare da shessheƙa ba, famfon injekta ya fita daga zargi, sai ka koma kan tanki da tiyonsa da murfinsa. Idan ta mutu duk da haka, matsalar tana gaba, daga filta zuwa sama. Ka riƙa ajiye guntun tiyo mai haske wanda ake ganin cikinsa a akwatin kayanka. Idan ka haɗa shi kafin famfon injekta za ka ga kumfar iska tana wucewa da idonka, sai ka riƙa matsar da shi baya gaɓa-gaɓa har ka iso wurin da kumfar take farawa.

Ban gamsu da cewa ka canza filta ba sai na ji yadda ka canza ta. Yakan faru tsohuwar robar filta ta manne a mazauninta, a ɗaura sabuwa a kanta, roba biyu su haɗu su bar wa iska hanya. Wasoshin tagulla da ke kan notin da mai yake bi ta cikinsu ma idan an kwance su sau biyu ko uku sukan daina kamawa, ga su da araha, amma yara suna ƙyashin canza su. Ina fatan kuma ba ka jefar da tsohuwar filtar ba. Ka juye abin da ke cikinta a kwalba mai haske ka bari ya kwanta, ruwa zai sauka ƙasa domin ya fi dizal nauyi, sannan ka yanka ta ka buɗe takardar ka duba. Idan ka ga baƙin abu mai yauƙi, ƙwayoyin halitta ne da ke rayuwa a tsakanin ruwa da mai a cikin tanki, kuma matuƙar ba a wanke tankin ba, kowace sabuwar filta za ta toshe cikin 'yan kwanaki.

Ruwa ba ya tsami banza, kuma ba ya shiga tanki banza. Garinmu na Jos yana kan tudu mai tsayin kimanin mita 1,200, rana ta yi zafi, dare ya yi sanyi, musamman a watannin Disamba da Janairu. Tankin da aka kwana da shi rabi yana cike da iska, kuma idan ta huce sai danshinta ya zama raɓa a jikin tankin ya gangara cikin mai. Da damina abin ya fi haka, ga durom da ake bari a tsaye a fili ruwan sama ya taru a kansa ya silala ta murfi. Ka gaya wa mai motar a riƙa cika tanki da yamma bayan an tashi aiki, a riƙa kwance 'yar kusar da ke ƙasan filta kowace safiya a zubar da ruwan, a kuma daina tsotso mai daga can gindin durom. Ka shinshina man ma. Akwai masu gauraya dizal da kananzir, shi kuwa kananzir ba shi da santsin da famfon injekta da nozul suke dogara da shi, domin man da suke turawa shi ne kuma yake shafe su.

Idan gwajin jarka ya nuna matsalar tana gaba, sai ka duba ƙaramin famfon. Ka cire tiyon fitarsa ka sa a kwalba, a buga kik, ya kamata ka ga mai yana fitowa da ƙarfi bugu-bugu. Idan irin mai fatar roba ne da injin yake motsawa, ka zaro sandar auna baƙin mai ka duba, domin idan fatar ta yage dizal yakan zuba cikin baƙin mai, ka ga ya ƙaru ya tsinke yana warin dizal, kuma wannan yana iya cinye injin gaba ɗaya idan aka ci gaba da aiki. Idan na lantarki ne, ka saurari ƙararsa lokacin da aka murɗa makulli, ka auna ko wutar bolt 12 tana isa gare shi bayan motar ta ɗauki zafi.

Akwai kuma solonoid ɗin da ke buɗe mai da rufe shi a jikin famfon injekta. Ban sa shi a gaba ba saboda yadda ka ce motar tana mutuwa a hankali, shi kuwa idan ya saki, injin yana ɗaukewa ne lokaci guda kamar an kashe makulli. A yawancin waɗannan motoci yana da naɗin waya biyu, ɗaya mai janyo shi lokacin kik, ɗaya mai riƙe shi a buɗe, shi ya sa idan ka ga mota ta tashi amma ta mutu da sakin makulli, sai ka bi fiyus da rile da wayar at, wato wadda ake ɗaurawa a jikin ƙarfen motar, kafin ka sayi sabo. Ka duba allon gaban direba ma, domin wasu motocin suna kashe kansu da kansu idan baƙin mai ya yi ƙasa ko injin ya yi zafi, su nuna lamba a allon.

Wajen fitar da iska, ka sassauta kusar da ke kan mazaunin filta, ka yi ta matsa famfon hannu har mai ya fito babu kumfa, ka ɗaure, sannan ka yi haka a famfon injekta idan yana da tasa kusar. Kada kik ya wuce daƙiƙa 15, ka bar shi ya huce na minti ɗaya kafin ka sake. A tsofaffin injina kamar Kubota V2203 ana iya sassauta notin bututun nozul kaɗan a buga kik har mai ya tsarto, amma ko a nan matsin ya kai kusan 140 a ma'aunin matsi da ake kira bar, wanda ya isa ya huda fata ya shiga nama, don haka da kwali ake neman yoyo, ba da yatsa ba. A sababbin injina masu kwamfuta, waɗanda nozul ɗinsu duka suke shan mai daga bututu ɗaya, matsin yana haura bar 1,600. Waɗannan ba a sassauta musu bututu sam injin yana juyawa, kuma ba a cika musu sabuwar filta da mai daga jarka, domin ƙurar da ido ba ya gani ta isa ta lalata nozul. Na kuma hana ka fesa fetur ko wani abin tayarwa a hanyar iska, domin injin mai hita, wato abin da ke ɗumama shi kafin ya tashi, yana iya kama shi tun kafin lokaci ya yi ɓarna.

Shekarun baya na taɓa kwance famfon injekta na irin wannan mota a wani wurin fasa dutse, aka kai saiti, mai motar ya biya kuɗi masu yawa ya kuma rasa aikin mako guda, muka ɗaura, ta sake mutuwa bayan kwatan awa. Da muka zaro tiyon tanki sai ga guntuwar leda da aka taɓa toshe bakin jarka da ita. Har yau abin yana damuna, domin amanar mutum ce na riƙe da dukiyarsa. Ban da asarar kuɗi, a injin Kubota akwai siraran faranti a ƙarƙashin famfon waɗanda su ne suke daidaita lokacin fesa mai, idan ɗaya ya ɓata ko aka ƙara wani, ka jawo sabuwar matsala a kan tsohuwa.

Gobe idan Allah ya kai mu, ka tafi da jarka da lita 10 na dizal mai kyau, da tiyo mai haske, da kwalba, da sababbin wasoshin tagulla. Ka fara da murfi, ka dubi robar famfon hannu a daidai lokacin da ta mutu, sannan ka yi gwajin jarka. Ka kira ni daga wurin ka gaya mini abin da ka gani a kwalbar da kuma minti nawa ta yi a kan jarka, idan ta kama a sauke tanki zan zo da kaina mu yi tare.