Amsa ga 'yar'uwar da mai gadin kanti ya ce sai ta buɗe jakarta

Wa alaikumus salam 'yar'uwa, sannu da haƙuri. Kin ce kin gama sayayya a wani babban kanti a Wuse, mai gadi ya duba rasit da ledojinki, sannan ya ce sai kin buɗe jakar hannunki a gaban jama'a, kina tambaya ko yana da wannan hurumin. Na daɗe ina aikin kanti a nan Abuja, na yi kashiya, daga baya na koma kula da masu karɓar kuɗi, don haka bari in faɗi abin da na sani.

Duba rasit a bakin ƙofa tsarin kanti ne, kuma galibi ba don ke aka kafa shi ba. Mu ma'aikata ake sa wa ido. Kashiya zai iya haɗa baki da wani nasa, ya wuce da kwalin madara da galan ɗin mai ba tare da ya buga su a na'ura ba, a biya kuɗin sabulu kawai a fita. Shi ya sa mai gadi ke leƙa leda, ya nemi manyan kayan a rasit, ya ja layi da biro. Layin nan kuma don kada a dawo da rasit ɗaya a sake kwasar kaya ne. Wannan kam ina ba kowa shawara ya ba da haɗin kai. Wani lokacin ma mai saye yake taimaka wa. Na ga mai gadi ya tsayar da wani dattijo ya ce, "Baba, sukari biyu aka buga maka, ɗaya nake gani." Nan take aka mayar masa da kuɗinsa.

Amma jakar hannunki da jikinki, wannan wata magana ce. Mai gadin kanti ba ɗan sanda ba ne. Ma'aikacin kamfanin tsaro ne mai zaman kansa, irin waɗanda hukumar Sibil Difens ke ba lasisi. Zai iya roƙonki ki buɗe, ke kuma kina iya cewa a'a. Ba shi da ikon fizge jakar ko cusa hannu a ciki, balle ya taɓa jikinki. Kundin tsarin mulki na 1999 ya kare mutuncin ɗan'adam a sashe na 34, 'yancin walwala a na 35, sirrin mutum kuma a na 37. Ko wanda hukuma ta kama, dokar shari'ar manyan laifuka ta 2015, wadda ke aiki a Abuja, ta ce a caje shi cikin mutunci, mace kuma mace ce za ta caje ta.

Gaskiya ne dokar nan ta ba kowane mutum, har da mai gadi, damar kama wanda ya aikata laifi a gabansa ko wanda yake da ƙwaƙƙwaran dalilin zargi a kansa. Sai dai sharaɗin shi ne ya miƙa shi ga 'yan sanda ba tare da ɓata lokaci ba. A kulle mutum a sito, a ɗauke shi hoto, a ce sai ya biya ninkin kuɗin kaya kafin a sake shi, duk babu wannan a doka. Abin da ya fi ci mini rai shi ne yadda ake zaɓen wanda za a bincika. Mai babbar riga ya wuce ana masa fadanci, mai dogon hijabi ko yaron da aka aiko da silifas a tare shi. Hijabi ba dalilin zargi ba ne, kuma na sha faɗa wa masu gadinmu haka.

Idan ya sake faruwa, kada ki ɗaga murya, kada ki ture shi ki wuce. Ki ce, "Malam, ga rasit, ga kayan da na saya. Jakata kuwa a kira mini manaja." Idan manaja ya zo, ki tambaye shi abin da ake zarginki da shi, ki ce a duba kyamara. In kin ga dama kin buɗe don a wuce wurin, to ki ce sai a gefe, mace ta tsaya, ke da kanki za ki fito da kayan. Ki riƙe suna ko lambar da ke jikin rigar mai gadin da kuma lokacin.

Rasit ɗin ma kada ki bar musu shi, naki ne. Dokar kare haƙƙin masu saye ta 2018 ta wajabta a ba ki shi, kuma da shi za ki kai ƙorafi hukumar FCCPC mai kare haƙƙin masu saye, wadda hedikwatarta ke Asokoro. Suna aiki kuwa: a 2024 sun rufe wani babban kanti a Garki saboda farashin da ke jikin kanta ya saɓa da wanda ake karɓa a wajen biya. Game da abin da aka yi miki, ki fara rubuta wa manajan kantin takarda da kwanan wata, ki haɗa da hoton rasit ɗin, ki ajiye kwafi. In suka yi biris da ke, sai ki wuce da ita hukumar.