Tambaya da Amsa: Idan Aka Ci Zarafin 'Yata a Jami'ar Amurka, Za a Sanar da Ni?

Tambaya: Assalamu alaikum. 'Yata ta samu gurbin karatu a Amurka, za ta tafi a watan Agusta. Allah ya kiyaye, amma idan wani ya yi mata fyaɗe ko ya ci zarafinta a can, me jami'a take yi? Za su kira ni?
Daga wani uba a Kano

Amsa: Wa'alaikumus salam, Alhaji. Allah ya tsare ta, ya sa albarka a karatun.

Gaskiyar magana, ba lalle ne su kira ka ba, ko da kai ke biyan kuɗin makaranta. Dokar FERPA ta 1974 ta mayar da iko kan bayanan ɗalibi hannunsa da zarar ya shiga jami'a. Sukan iya tuntuɓar iyaye idan rai ko lafiya na cikin haɗari, amma ban da wannan galibi sai ta sa hannu a takardar izini. Ko takardar ma ba ta buɗe abin da ta faɗa wa likita ko mai ba da shawara. Saboda haka labari daga bakinta zai fito, in ta yarda da ku.

Dokar Title IX ta 1972 ta wajabta wa duk jami'ar da ke karɓar kuɗin gwamnatin tarayya ta naɗa jami'in karɓar irin wannan ƙorafi. A nan ɗalibai ke yawan tuntuɓe. Likitan makaranta da mai ba da shawara suna riƙe sirri. Malamin aji da mai kula da ɗakin kwana kuwa, a yawancin jami'o'i dole ne su kai maganar ga jami'in. Ta tambayi mutum tun kafin ta buɗe baki: “Abin da zan faɗa zai tsaya a wurinka?”

Idan magana ta kai ga jami'in, zai iya canza mata ɗaki ko aji, ya hana wanda ake zargi kusantarta, ya nema mata ƙarin lokacin jarrabawa, duk ba tare da ta shigar da ƙara ba. Idan ta shigar a rubuce, za a sanar da wanda ake zargi, a yi bincike, a ba kowane ɓangare aƙalla kwana 10 ya duba hujjoji, sannan a yi zama. Wakilinsa ne zai yi mata tambayoyi, ba shi ba, kuma tana iya neman a raba musu ɗaki a haɗa ta bidiyo. Ita ma tana da wakili. Uba na iya zama wakilin, amma lauya ya fi, don tambayoyin na da zafi. Iyakar hukuncin jami'a kora ce. Ɗauri sai ta hanyar 'yan sanda da kotu, kuma tana iya bin hanyoyin biyu a tare.

Sa'o'in farko su ne masu tsada. Maganin kariya daga cutar ƙanjamau sai an fara shi cikin sa'a 72, a sha kwana 28. Gwajin tattara shaida a asibiti kyauta ne, ba sai ta je wurin 'yan sanda ba, kuma jihohi da dama na yin sa har sa'a 120. Abin da zuciya za ta fara raya mata shi ne wanka, musamman yarinyar da ta tashi da kula da tsarki. Ta daure ta fara zuwa asibiti. Idan ma ta riga ta yi wankan, ta je. Tufafin ta sa su a jakar takarda, domin leda na riƙe danshi ta lalata shaida. Kada ta goge saƙonnin waya.

Sai biza. Iyaye kan ce, “Ki bar zuwa aji ki huta.” Bizar ɗalibai ta F-1 na buƙatar mai digiri na farko ya riƙe aƙalla kiredit 12 (ma'aunin yawan darussa) a zango. Idan za ta rage darussa saboda lafiya, sai ofishin ɗaliban ƙasashen waje ya amince tukuna, da takardar likita, in ba haka ba izinin zamanta na iya lalacewa.

Kafin tafiyar, ka nemi rahoton tsaro na jami'ar a intanet. Dokar Clery ta 1990, mai sunan Jeanne Clery da aka yi wa fyaɗe aka kashe a ɗakinta a Jami'ar Lehigh a 1986, ta sa ana fitar da shi kafin 1 ga Oktoba kowace shekara, da alƙaluman laifuka na shekara 3. Ƙarancin adadi kada ya ruɗe ka, wani lokaci tsoron kai ƙara ne.

Ku zaunar da ita kai da mahaifiyarta, ku faɗa mata ƙarara cewa kome ya faru ta kira, ba wanda zai ce “me ya kai ki?” Yawanci wanda aka sani ne ke aikata wannan, shi ya sa kunya ke rufe baki. Ta adana 911, lambar gaggawa ta Amurka, da lambar 'yan sandan makaranta, da 800-656-4673, layin taimako na ƙasa ga waɗanda aka ci zarafinsu, da ke aiki dare da rana.