Me Ya Sa Huhun Mai Sistik Faiburosis Ke Lalacewa Duk Da Shan Magani?

Malama, kin tambaya dalilin da ya sa huhun mai wannan cuta ke ci gaba da lalacewa alhali yana shan maganin kashe ƙwayoyin cuta. Asalin matsalar gado ce a ƙwayar halittar CFTR, wadda aka gano a 1989. Idan ta samu tangarɗa, sinadarin kulorayid da ruwa ba sa fita daga ƙwayoyin jiki yadda ya kamata, sai majina ta yi kauri ta maƙale a hanyoyin numfashi.

A wannan majinar ne ƙwayar cuta mai suna Staphylococcus aureus ke zama tun ana yara, daga baya wata ƙwayar cutar mai suna Pseudomonas aeruginosa ta kafu, ta lulluɓe kanta da yauƙi wanda magani ke wahalar ratsawa.

Amma a ganina babbar ɓarnar daga garkuwar jiki take fitowa. Fararen ƙwayoyin jini da ake kira niyutirofil suna tururuwa ba ƙaƙƙautawa, suna sakin sinadarin elastes da ke cin naman huhu, kuma idan sun mutu DNA ɗinsu, wato sinadarin gado da ke cikinsu, ya ƙara wa majinar kauri. Shi ya sa likitoci ke haɗawa da maganin dornase alfa domin tsinka majinar, da kuma azithromycin domin rage kumburi.