Wannan mai ruwan goron ba shi ne bugun farko ba

Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya jiƙan Baba, ya sa ya huta. Ka ce a cikin adakarsa ka tarar da Things Fall Apart na Chinua Achebe, bugun Heinemann, mai bango mai laushi ruwan goro, a ciki an rubuta "First published 1958", shi ne kake son sanin ko bugun farko ne. Na daɗe ina saye da sayar da tsofaffin littattafai, kuma da wuya a yi littafin da ake kawo mini da wannan zaton kamarsa. Gaskiya ba shi ba ne.

Na 1958 kamfanin William Heinemann ne ya buga shi a Landan, da bango mai tauri, sanye da rigar takarda wadda C. W. Bacon ya yi wa zane, kuma kwafi 2,000 aka fara bugawa. Mai ruwan goro kuwa ɗan jerin African Writers Series ne, wanda ɓangaren littattafan makarantu na kamfanin ya soma a 1962, littafin Achebe ne lamba 1. Makarantun sakandare da kwalejojin horon malamai aka nufa da su, shi ya sa kusan duk gidan tsohon ɗan boko ba a rasa guda.

Yanzu buɗe shafin da ke bayan shafin suna. A nan ake yin tuntuɓe. Layin "First published" ba ya gaya maka shekarun takardar da ke hannunka, shekarar da littafin ya fara shigowa duniya yake faɗa, kuma ana maimaita shi a kowane bugu. Ka gangara ƙasa. Al'adar Heinemann ita ce duk sa'ad da suka sake bugawa sai su ƙara layi, "Reprinted" da shekara, wani lokaci har da adadin bugun da aka yi a cikin shekarar. Za ka ga shekaru sun jeru, 1963, 1965, 1966, har su cika layi biyu ko uku da ƙananan baƙaƙe. Shekarar ƙarshe ita ce ta naka. Bugun farko na gaske shafinsa fayau yake, shekara ɗaya tak, ba komai a ƙarƙashinta.

In shafin ya yage, ko gara ta riga ka, akwai sauran shaidu. Ta farko ita ce kuɗin da aka buga a bango. Ingila ta bar sule da tsohon kwabonta ranar 15 ga Fabrairu, 1971, don haka farashi da sule yana nuna kafin nan ne, in kuma ka ga lamba da harafin p kaɗai, to bayan nan ne. Lambar ISBN, wato lambar shaidar littafi, ma haka: sai a 1970 ta zama ta duniya, kafin ta akwai SBN da aka soma a Ingila wajen 1967. Littafin da ke ɗauke da ɗayansu ba zai zama na 1958 ko 1962 ba, ko mai sayarwa ya rantse. Wadda na fi so kuwa ita ce jerin sunayen sauran littattafai da suke sawa a ciki. Huɗu na farko a jerin su ne: biyu na Achebe, ɗaya na Cyprian Ekwensi, ɗaya na Kenneth Kaunda. In ka ga jerin ya kai lamba hamsin ko ɗari, ka san an yi nisa. Sunan marubuci ma yakan tona asiri, domin littattafan Ngugi, marubucin nan na Kenya, na farko-farko James Ngugi aka rubuta a kansu.

Tun da adaka ce guda, kada ka tsaya kan Achebe. Duba ko akwai lamba 2, Burning Grass na Ekwensi, labarin nan na Fulani makiyaya. Shi a 1962 ɗin ya fara fitowa, saboda haka in ka samu wanda ba "Reprinted" a ƙasa, ya cancanci a ware shi gefe. Shi ma naka, in 1962 ce shekarar ƙarshe a shafin, ka samu bugun farko na jerin, akwai masu nemansa, sai dai kuɗinsa bai ko kama ƙafar na 1958 ba. Akwai kuma bugun Amurka na 1959 daga McDowell, Obolensky, wanda wasu ke rikitawa da na Landan don shi ma bangonsa mai tauri ne.

Batun kuɗi, ba zan yanka maka farashi ban ga kaya ba. Abin da zan ce shi ne dillalan Ingila sun fi mu damuwa da rigar takardar nan. Mu mukan cire ta mu jefar, su kuwa kaso mafi tsoka na kuɗin a kanta yake. In an yanke kusurwar da farashi yake, daraja ta ragu. Hatimin laburaren makaranta, sunan ɗalibi da biro, ja-layi a ƙarƙashin jimloli don jarrabawa, duk suna zaftare kuɗi, kuma yawancin waɗanda ke yawo a wurinmu haka suke. Ni dai rubutun hannun Baba ba zan kira shi aibi ba, amma kasuwa ba ruwanta.

Don Allah kada ka manna masa salatif, gamsa yana shiga takarda ya bar tabo ruwan ƙasa da ba ya fita. Kada kuma ka kai wa mai ɗinkin littafi ya sake masa bango. Fitar da littattafan daga adakar ka kaɗe, ka sa su a kanta nesa da bangon ɗaki da ƙasa kafin damina ta kankama, kuma ban da ƙulle su a leda, tana tara gumi. Ka ɗauko mini hoton gaba, da baya, da shafin nan na shekaru a wuri mai haske yadda ƙananan baƙaƙen za su karantu, zan gaya maka shekararsa in sha Allahu.