Layin ƙasa na tef

Jiya bayan la'asar ka tare ni ina tsakiyar haɗa firam ɗin ƙofa, ka ce: "Baba, na gama aji ukku na ƙaramar sakandare. Mahaifina yana so in wuce babbar sakandare in yi WAEC in nemi jami'a, kawuna ya ce in tafi makarantar fasaha, ni kuma na fi son in zauna nan shago in ƙware. Wanne zan yi?" Ban tanka maka ba, na ga ka koma gefe kana ɓata rai. Jin ka na ji sarai, yaro. Tambayar taka ce ta fama mani wani tsohon miki, na kwana ina juyi. Yanzu ajiye wayar nan ka saurara.

Ɗauko tef ɗin da ke aljihunka ka ja shi. Layin sama inci ne da ƙafa, shi kowa ke aiki da shi a shagon nan. Layin ƙasa, mai ƙananan lambobi, santimita ne da mita. Na fi shekara goma sha biyar ina riƙe da tef kullum ban taɓa kallon layin ƙasan nan ba, don maigidana bai taɓa nuna mani shi ba, shi ma ba a nuna mashi ba. Layin nan ya ci mani fili da babur.

Shekara kusan talatin ke nan. Lokacin shagona yana wajen Ƙofar Ƙaura, ina da yara shida, kuma duk Katsina in ana lissafin masu haɗa benci da tebur ba a tsallake ni. Sai wani ɗan kwangila ya zo da babbar riga da mota, ya ce ya samu aikin bencin 'yan makaranta, yana son guda 240. Muka zauna kan tabarma, na tambaye shi tsawo, ya ce da bakinsa: "Irin wanda kuka saba, ƙafa huɗu." Muka yi ciniki, muka tafa. Ya ba ni kashi ɗaya cikin huɗu na kuɗin a matsayin kafin alƙalami, sauran sai an kai kaya. Washegari ya aiko yaronsa da takarda shafi biyu da Turanci, wai ƙa'idar ofis ce kawai, in sa hannu. Ni allo na yi, na sauke, ina rubuta ajami da kyau, amma boko ko aji ɗaya ban shiga ba. Akwai malamin firamare a maƙwabtana da zan iya kai wa ya karanta mani, girman kai ya hana ni. Ina ganin ni da ake kira maigida, yaya zan je wurin yaro ya karanta mani takarda? Na rubuta sunana da ajami na miƙa.

Na ci bashin katako wurin dillalina, busasshe mai kyau, ba ɗanyen da ke murɗewa da an shiga hunturu ba. Wata biyu muna aiki har dare da fitilar ƙwai. Kowane benci na huda shi na zura ƙafa cikin rami da gam, ban yarda da ƙusa kaɗai ba, don na san yara hawa za su yi suna tsalle. A ƙarƙashin kowane ɗaya na ƙona alamata da ƙarfe, kamar yadda nake yi har yau. Muka loda a mota sawu biyar muka kai mashi sito.

Ranar biya ya fito da tef daga aljihu, ya ɗora kan benci, ya nuna mani layin ƙasa. Ya ce takarda ta ce mita ɗaya da rabi. Mita ɗaya da rabi, yaro, saura inci ɗaya ya cika ƙafa biyar. Nawa ƙafa huɗu ne, sun gaza da inci goma sha ɗaya. Na ce ai kai ka ce ƙafa huɗu. Ya ce bai tuna ba, shi abin da ke rubuce ya sani. Sannan ya buɗe shafi na biyu, inda aka rubuta cewa duk kayan da bai cika awo ba, mai kwangila yana da ikon ƙin karɓa, ko ya karɓa a farashin da ya ga dama. Ya ce don mutunci zai cika mani rabin kuɗi. Na kai ƙara wurin manya, aka kira wanda ya karanta takardar a gabana, aka tambaye ni abu ɗaya: "Wannan hannunka ne?" Na ce nawa ne. Magana ta mutu nan.

Na sayar da babur, na sayar da filin da na saya don in gina wa iyali, na biya mai katako, don ban yarda in kwana da haƙƙin wani ba. Yarana biyu suka watse saboda na kasa sallamar su. Abin da har gobe ke ƙona mani rai shi ne bayan shekara guda na je ɗaurin aure wani ƙauye a hanyar Jibiya, ruwa ya tare mu muka fake a wani aji, na zauna kan benci, hannuna ya shafa ƙarƙashinsa na ji alamata. Su ne, ƙafa huɗu, ba a ƙara masu ko inci ba. Ya kai su haka an karɓa, an biya shi cif. Tun ranar da ya ga na rubuta suna da ajami ya san abin da zai yi da ni. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ya rasu yanzu, an ce in yafe, na ce Allah ya isa tun tuni kuma ban janye ba.

To ka ji dalilin da ya sa zancen ka zauna shago kawai ba zai yiwu ba, ko kuka za ka yi. Hannu zan ba ka, kuma duk jihar nan ba makarantar da za ta ba ka hannun da zan ba ka. Amma ba zan iya koya maka karanta zanen injiniya ba, ban iya ba. Masu ginin yanzu da zane suke zuwa, komai da milimita, kicin da wadirof duk an lissafa a kwamfuta. Wanda bai iya karantawa ba ƙarshensa ya zama ɗan ƙwadagon wanda ya iya.

Ita kuma babbar sakandare ta gama-gari da mahaifinka ke so, ban raina ta ba, kuma kada ka je ka ce mashi na zage ta. Garin nan shi ya fara kwaleji a Arewa tun 1922, can su Sardauna da Tafawa Ɓalewa suka yi karatu, ba mu da abin cewa sai alfahari. Sai dai tun daga lokacin mutanenmu suka ɗauka ilimi shi ne a samu kujera a ofis. Ofis nawa ne a Katsina? Masu digiri nawa suka zo nan da takardu a jaka suna roƙon in koya masu aiki suna da shekara ashirin da takwas? Ina karɓar su, amma icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Mutum ya girma bai taɓa riƙe zarto ba, kwana ukku hannu ya yi kanta, sai ka neme shi ka rasa, ya koma POS ko Keke Napep. Gwamnati ma ta gane haka tun 1982 da ta kawo tsarin 6-3-3-4, aka ce yaro zai taɓa aikin hannu a ƙaramar sakandare. Aka sayo injuna daga ƙasashen waje aka raba wa makarantu. Ni da idona na ga wasu a cikin akwatunansu ba a ko buɗe ba, babu wuta, babu malamin da ya san kansu, gara ta cinye akwatin, tsatsa ta cinye injin. Kai da ka gama aji ukku, sau nawa aka ba ka guduma a makaranta?

Kawunka ya fi kusa da gaskiya. Ka nemi kwalejin fasaha, akwai a Mashi, akwai a Funtuwa. Shekara ukku ce, ka zana jarrabawar NABTEB, wato ta kammala makarantun fasaha, kuma da takardarta ana zana JAMB kamar yadda ake yi da ta WAEC, in ka ci Turanci da lissafi. Ka ga hanyar da mahaifinka ke so ba ta toshe ba, ga kwalejin kimiyya da fasaha ta Hassan Usman nan cikin gari, ga ta tarayya a Daura. Wannan shi za ka faɗa mashi, da ladabi, ba da ɗaga murya irin taku ta yaran yanzu ba. In ya ƙi, ni zan same shi bayan sallar Juma'a.

Amma ka ji sharaɗina. Kada ka je can ka dawo mani da farar riga kana kallon shagon nan sheƙeƙe. An taɓa turo mani wani mai difloma ya yi wata shida na koyon aiki, ya san sunan kowane katako da Turanci, na ce ya yanko mani kusurwar firam, ya lalata mani falanki biyu bai haɗa baki ba. A allon aji aka nuna mashi, bai taɓa jin yadda zarto ke kama itace ba. Duk hutu nan za ka yi shi, daga ranar da aka sallame ku har daren komawa. Yadda ake wasa zarto, da gane busasshen katako, da sauran ƙananan abubuwa, ba zan ɓata bakina ba, mai ido ya gani a shago. Abin da nake so ka kwaso mani can ukku ne: lissafi, zane, da Turancin da zai ishe ka ka karanta takarda har shafi na biyu.

Kuma ka cire zancen yaye daga ranka. Ni shekara tara na yi wurin maigidana, biyu na farko shara da miƙe tsoffin ƙusoshi kawai nake yi. Ku yanzu shekara ɗaya sai ku fara ɗaukar hoton kujerar da ba ku haɗa ba kuna sawa a TikTok, kuna neman masu saye a bayan idon maigida. Na sani, ina gani.

Akwai takardar da mai gidan saman nan na hanyar Dutsin-ma ya aiko kan ƙofofi goma sha biyu, tana cikin durowa tun shekaranjiya ban taɓa ta ba. Ɗauko ta. Ka karanta mani da ƙarfi, sannu a hankali, layi bayan layi, duk inda ka ga lamba ka tsaya mu ja tef mu duba ta a layin ƙasa.